Hujin kunnen jaririya: satin suna, bayan rigakafi, ko a jira sai ta ce tana so?

A Damagaram ba a cika tambayar ko za a huda wa ɗiya mace kunne ba, wannan kamar an gama shi tun kafin a haife ta, sau da yawa ma 'yan kunnen suna cikin kayan barka. Abin da ake ja a kai shi ne yaushe, kuma wa zai yi, da me. Kaka na cewa a yi tun kafin suna ko ranar sunan a huta, uwar jaririya in ƙaramar yarinya ce haihuwar fari ba ta da bakin magana, uban kuma yawanci sai ya ce wannan sha'anin mata ne. To ni dai ina ganin maganar ta wuce a bar ta haka, don rauni ne ake yi ma jikin mutum, ƙarami ne ƙwarai amma rauni ne, kuma wadda ake yi ma ba ta iya cewa komai.

Hanyoyi uku ne a gabanmu in muka duba da kyau. Ko a huda cikin satin farko zuwa arba'in yadda aka saba, ko a jinkirta sai ta samu alluran rigakafinta na farko wajen wata uku da rabi zuwa shida, ko a bar ta sai ta yi wayo ta buɗe baki ta ce tana son 'yan kunne irin na ƙawayenta. Kowace na da abin da ta fi da shi, kuma ba daidai nauyinsu yake ba.

Mu fara da ta iyaye da kakanni, don ba haka kawai suke yi ba, suna da hujja kuma hujjar ba ta banza ba ce. Jaririyar kwana bakwai ba ta san hannunta ba balle ta kai shi kunne ta ja, ba ta rarrafe cikin ƙasa, kullum tana kwance ko tana hannun uwa, uwar ita ma tana cikin jego ba ta zuwa ko'ina, ga tsohuwa a ɗaki tana lura da komai safe da yamma lokacin wanka. Fatar kunnen na da laushi, minti ɗaya an gama, ta yi kuka a ba ta nono ta yi barci, kuma ba za ta taɓa tunawa ba. Ga kuma maganar da mata ke yawan faɗi, wai in ba 'yan kunne sai kowa ya riƙa tambaya mace ce ko namiji, ranar suna kuma ana son a fito da ita an yi mata kwalli an sa mata ɗan zinarinta. Duk wannan na yarda da shi, har maganar ado ɗin, don ado ba laifi ba ne.

Abu ɗaya dai da ban yarda da shi ba shi ne cewa jariri bai jin zafi. Yana ji. Wannan likitoci sun gama magana a kai, jariri na jin zafi tun ranar da aka haife shi, mantuwa ce kawai yake yi. Duk wadda ta taɓa riƙe jaririya ana huda ta ta ga yadda jikin ke ƙanƙamewa, fuska ta yi ja, kukan ya ɗauke na ɗan lokaci kafin ya fito da ƙarfi. Ba ina faɗin haka don a ce kar a yi ba, allurar rigakafi ma da zafi muke kai su, amma a daina cewa ba ta ji.

Inda hanyar farko ke da rauni shi ne jikin jaririyar kansa. A watan farko garkuwar jikinta ba ta yi ƙwari ba, ƙwayar cutar da za ta tsaya a fatar babba ta yi ɗan ƙurji ta wuce, a jikin jaririya tana iya shiga jini cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa a likita in aka kawo jaririn da bai kai wata uku ba da zafin jiki 38 ba a wasa da shi, ba a cewa je ki ba shi siro ki dawo jibi, sau da yawa kwantar da shi ake yi ana allurai. Kin ga ke nan ɗan hujin da aka yi don ado yana iya zama sanadin kwana a gadon likita, ke da ba ki gama warkewa daga haihuwa ba. Ba kowace ke samun haka ba, mafi yawa suna warkewa lafiya lau, mu ma da yawanmu haka aka yi mana muka tashi. Amma wadda abin ya faɗa ma, ita ba ruwanta da cewa mafi yawa sun tsira.

Sai tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe muƙamuƙi. Ƙwayarsa cikin ƙasa take da kashin dabbobi, kuma gidajenmu nawa ne babu akuya ko tunkiya a tsakar gida? Ta rauni take shiga, ko da ƙarami ne, ta cibiya aka fi sanin ta ga jarirai amma hujin kunne ma ƙofa ce. Jaririn da ya kamu alamar farko ita ce ya daina kama nono alhali da yana sha lafiya, bakin ya ƙi buɗewa, sannan jiki ya riƙa sanƙarewa, kuma da yawa ba su tashi. Jaririyar sati ɗaya ba ta da rigakafin kanta na wannan ciwo, abin da take da shi shi ne wanda ta samu daga uwa in uwar ta yi allurar tetanos lokacin awon ciki. In kin san ba ki je awo ba, ko kin je sau ɗaya kin bari, ko a gida kika haihu ba ki da karne, wato takardar awon ciki, to don Allah maganar huji cikin satin suna ki ajiye ta gaba ɗaya, wannan ba wurin jayayya ba ne.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna don ba a ganin shi da ido, wato ciwon hanta, hepatit B. Ta jini yake bi, kuma ƙwayar na iya zama da rai a jikin ƙarfe ko allura har kwana bakwai ko da jinin ya bushe. Allura ɗaya da aka huda 'ya'yan unguwa da ita, ko kayan aikin da aka yi ma wani jariri aski da su da safe aka zo gidanku da hantsi, sun isa. Abin tsoron shi ne babba in ya kamu yawanci jikinsa na korar ciwon da kansa, ƙasa da 5 cikin 100 ne yake zame musu na dindindin, amma jariri in ya kamu kusan 90 cikin 100 ciwon zai zauna musu har girma, shiru ba alama, sai bayan shekaru da yawa hanta ta lalace. Ba wanda zai tuna da allurar ranar suna a lokacin. Yankinmu na Afirka ta Yamma kuma na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya.

To nan ne hanya ta biyu ta shigo, kuma ita na fi karkata gare ta. In kin duba karnen rigakafin ɗiyarki za ki ga allurar da ake ce ma Penta, ana yin ta sau uku, a sati 6 da sati 10 da sati 14. Cikin cututtuka biyar da take karewa akwai tetanos akwai hepatit B, wato biyu daga cikin ukun da na lissafa. In ta samu ta ukun aka ƙara ɗan sati biyu zuwa huɗu jiki ya gama karɓa, yarinya ta kai wata huɗu ke nan, ta wuce lokacin da kowane zazzaɓi ke zama tashin hankali, ta yi ƙiba, kunnen ya ɗan ƙara girma ana iya ganin tsakiyar da kyau. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don kunnen jaririyar sati ɗaya ɗan mitsitsi ne, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a lokacin shi ne in ta girma za a ga huji ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ya yi kusa da baki har nauyin 'yan kunne ya zo ya tsaga shi. Kuma a wata huɗu zuwa shida har yanzu ba ta fara rarrafe ba, hannun bai ƙware wajen kama ƙaramin abu ya ja ba, wato amfanin da kakanni ke nema bai ɓace ba, ana samun shi tare da kariya.

Abin da wannan hanya ke ci miki shi ne haƙuri da maganar mutane na wata huɗu, sai kuma ƙarfin yarinyar, don 'yar wata huɗu ta fi 'yar kwana bakwai fizge-fizge, dole a riƙe kai da kyau kuma mai hujin ya zama hannunsa bai rawa. Sannan ranar suna za a yi ta ba 'yan kunne. Ni a ganina wannan farashi ne mai sauƙi.

Akwai wani lokaci da ba na ba kowa shawarar shi, daga fara rarrafe wajen wata bakwai ko takwas har zuwa shekara uku ko huɗu. A nan yarinya ta san zafi, ta san tsoro, amma ba ta san a ce mata kar ki taɓa ba. Hannun da ta dama ƙasa da shi yanzu shi za ta kai kunne, ta ja, ta cire, kuma duk abin da ta cire baki yake zuwa. Ɗan kunne ko ɗan makullin bayansa in ta haɗiye sau da yawa yana fita da kashi, amma in ya bi hanyar numfashi magana ta canza. Wasu kuma hanci suke turawa ko cikin ramin kunnen. Ga yayye suna wasa da ita suna ja. In wata shida ya wuce ba a yi ba, gara a haƙura a koma hanya ta uku.

Hanya ta uku ita ce a jira ta nema da bakinta, yawanci wajen shiga lakwal ko makarantar allo za ki ji ta fara, shekara shida ko bakwai, ta ga na wance tana so. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka wannan ta fi so, cewa a bari sai yarinya ta iya kula da wurin da kanta, duk da su ma sun ce in an yi da tsabta aka kula da kyau haɗarin kaɗan ne a kowane shekaru. A Ingila har takardar koke aka yi a 2015 mutane dubbai suka sa hannu wai a hana huda kunnen jarirai, hujjarsu jikinta ne, ita ke da ikon cewa e ko a'a. A Sifen kuma da ƙasashen Latin Amurka tun tana 'yar kwanaki ake yi kamar mu, a Indiya ma biki ne na musamman. Kin ga ba mu kaɗai ba ne, kuma ba duk Turawa ne bakinsu ɗaya ba.

Maganar a bar ta ta zaɓa tana da nauyi a wurina, ban raina ta ba. Yarinyar da ta ce tana so, ta zauna da kanta, ta daure, ta riƙa zuwa a wanke mata tana lissafin ranar da za a canza mata sababbi, akwai wani daɗi a wannan da jaririya ba ta samu. Kuma tana iya faɗa miki in wurin na mata zafi ko ƙaiƙayi tun kafin ya kumbura. Sai dai mu faɗi gaskiyar garinmu, da wuya ki samu ɗiya mace a unguwar Birni ko Zango ko Garin Malam da za ta girma ta ce da ma ba a huda mata ba, abin da aka fi gani shi ne wadda ba a yi ma ba tana jin kunya cikin sa'o'inta ranar salla. Kuma akwai haɗarin da ba a faɗi, yarinyar da aka ja ma rai tana iya zuwa wajen ƙawarta su yi da kansu da allurar ɗinki ko ƙaya a bayan ɗaki, ke ba ki sani ba sai kunne ya kumbura. In kin zaɓi jira, ranar da ta nema kar ki ce sai wata shekara, ki kai ta.

Yanzu maganar tsiron naman nan da ke fitowa a wurin huji, wanda likitoci ke ce ma keloyid. Kowa ya taɓa ganin mace da shi, wani ƙarami a bayan kunne, wani ya kai kamar goro yana reto, yana ƙaiƙayi, kullum tana rufe shi da kallabi. Tabo ne da ya ƙi tsayawa inda raunin ya tsaya, kuma ya fi kama mu baƙar fata, kuma yana bin dangi. Maganinsa da wahala, in aka yanke shi kawai sau da yawa ya dawo ya fi na da, sai an haɗa da allurai cikin naman wata da watanni, wannan kuwa sai an dangana da babbar likita ga kashe kuɗi. Abin da ya kamata uwa ta sani shi ne shekaru na da hannu a ciki. Wani ɗan bincike da aka buga a Amurka a 2005, kan mutum 32 ne kawai don haka ba babba ba ne, ya nuna waɗanda aka huda suna da shekara 11 ko fiye sun fi samun tsiron nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi ma kafin nan. Ya yi daidai da abin da muke gani, yawancin masu shi 'yan mata ne da suka ƙara huji na biyu ko na uku bayan sun balaga. Wannan maki ne ga masu cewa a yi da wuri, kuma shi ke sa ma hanya ta uku iyaka, jira ya yi amma kar ya kai bakin balaga. In kuwa ke ko mijinki ko 'yan uwanku na jini akwai mai irin wannan tabo, ko a kunne ko a ƙirji ko wurin tsaga, to ku zauna ku yi tunani da gaske, rashin hujin gaba ɗaya ma zaɓi ne, akwai 'yan kunne na maƙalawa da za ta sa in ta girma.

Ta fuskar addini ba a matsa mana ba. Mafi yawan malamai sun halatta huda kunnen ɗiya mace don ado, suna kafa hujja da hadisin ranar Idi da Annabi (SAW) ya je wajen mata tare da Bilal ya kwaɗaitar da su sadaka, suka riƙa cire 'yan kunnensu da zobba suna jefawa cikin tufar Bilal, wato matan sahabbai na da huji kuma ba a hana su ba. Akwai waɗanda suka ƙi, irin su Imam Gazali, don suna ganin cutarwa ce ba tare da larura ba. Amma ba wanda ya ce wajibi ne, ba wanda ya ce sai ranar bakwai. Don haka in wani ya ce miki jinkirtawa saɓa ma addini ne, ba haka ba ne, al'ada ce, al'ada kuma ana iya matsa mata lokaci in lafiya ta buƙata.

Duk wannan lissafin lokaci kuwa bai da amfani in hannun da ya yi aikin da kayan aikin ba su da tsabta, ina ma iya cewa wa ya yi da me ya yi sun fi yaushe aka yi muhimmanci. Yadda aka saba a gida shi ne allurar ɗinki da baƙin zare, a soka a ja zaren a ɗaure shi ya zama zobe, a riƙa shafa man shanu ko man kaɗanya ana jan zaren yana zagayawa, in ya warke a cire a sa tsinke ko 'yan kunne. Tsofaffin da ke yi da yawansu sun ƙware, hannunsu ya fi na wasu ma'aikatan likita daidaita huji, wannan gaskiya ne. Matsalar zaren ce da allurar. Zare na shan ruwan wanka da gumi da nonon da ya zubo ta gefen baki, ya zauna da danshi cikin raunin, duk jan da aka yi ana shigar da dattin waje ciki. Allurar kuma ko an lasa mata wuta, hannun da ya riƙe ta fa, zaren fa, daga cikin wane gwangwani aka ɗauko su? Abin da ya fi shi ne ki tambaya a likitar unguwarku ko wajen sasfam, wato ungozomar likita, da ta karɓi haihuwarki ko akwai mai yi, da sabuwar allura da za a ɓare daga leda a gabanki, da safar hannu, a goge kunnen, a ɗiga alama da biro a kunnuwan biyu ki duba ki yarda sun daidaita kafin a soka. In dole sai tsohuwar gida ce za ta yi don ba yadda za ki yi, to ke ki sayo sabuwar allura a farmasi, ta wanke hannu da sabulu a gabanki, kuma a sa ɗan kunnen kai tsaye a bar zaren.

Ita kuma 'yar bindigar huji da ake gani wajen masu saida kayan ado da wasu masu gyaran gashi, tana da sauri kuma tana sa ɗan kunnen lokaci guda, amma jikinta roba ne ba a iya dafa ta a kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, goge ta kawai ake yi, kuma da ƙarfi take tura ɗan kunne mai dakusasshen baki ta fasa naman, sannan makullin na matsewa sosai. Ga jaririya ni ban so ta. Kuma ko da wace hanya, huji ɗaya a fatar ƙasa mai laushi ya isa. Saman kunne inda guringuntsi yake ba na yara ba ne, jini bai isa can sosai, yana ɗaukar watanni kafin ya warke, in ya yi mugunya yana iya lanƙwasa kunnen har abada.

Sai abin da za a sa. A kasuwar Dole za ki samu 'yan kunnen yara masu ƙyalli da araha, ruwan zinari ne a sama, ƙarƙashi ƙarfe ne da yawanci akwai nikel a ciki. Nikel shi ne ƙarfen da ya fi sa ma fata borin ƙaiƙayi, kuma sabon huji ne babbar hanyar da jiki ke fara ƙin shi, in ya fara kuwa ya zauna ke nan, ita ce za ki ga ta girma duk ɗan kunnen da ta sa sai kunne ya yi ruwa, har agogo da maɓallin wando. Ƙasashen Turai tun 1994 suka sa doka kan yawan nikel a irin waɗannan kaya, namu kasuwanni ba mai aunawa. Don haka na farkon dai, wanda zai zauna cikin ɗanyen rauni, a daure a sa zinari na gaske, mai karat 14 ko 18, ɗan ƙarami mara nauyi, mai makullin da ake murɗawa ya rufe tsinin. In ba hali, kuma na san halin da ake ciki, gara a jinkirta hujin har a samu da a sa na jaka ɗaya a ɗanyen kunne. Sau da yawa ma akwai na yayarta ko na uwar tun tana ƙarama a ajiye, a wanke shi da kyau a dafa shi cikin ruwa ya yi. Masu reto da masu zobe a bar su sai ta girma, don zanen goyo da majanyi da hular sanyi duk suna kama su, yarinya na baya ta juya kai ɗaya kunne ya tsage.

Lokacin shekara ma a duba in da hali. Watan Afrilu da Mayu gumi bai barin wuyan jariri da bayan kunnensa su bushe, ga ƙurajen zafi, ga ƙarancin ruwan da Damagaram ta sani, ranar da pampo bai kawo ba wanke hannu sau biyar kafin a taɓa kunne sai mai ƙoƙari. Damina kuma lokacin zazzaɓin sauro ne, in jiki ya yi zafi ba ki san na kunne ne ko na sauro ba. Lokacin sanyi ya fi sauƙi, sai dai a kula da ƙura da hular ulu mai zare-zare.

Bayan an huda aikin naki ne na sati shida zuwa takwas, kuma kar a cire ɗan kunnen cikin wannan lokaci don hujin jaririya na toshewa da sauri. Safe da yamma ki wanke hannu da sabulu, ki goge gaba da baya da kwampires, wato ƙyallen goge rauni, da ruwan gishirin farmasi ko abin da ma'aikacin lafiya ya ba ki, ki busar. Ban da toka, ban da kwalli, ban da man da aka buɗe kowa na sa yatsa, maganin shafa ma rauni na Betadine ma ba a sa ma jaririn da bai kai wata ɗaya ba sai likita ya ce. Kullum ki duba bayan kunnen, ba gaban kawai ba, ki tabbata akwai ɗan sarari tsakanin makulli da fata, don in ya matse kunne ya kumbura makullin na nutsewa cikin nama fata ta rufe shi, sai an tsaga a ciro. Ɗan ja da ɗan ruwa fari a kwanakin farko ba komai ba ne. Amma in jan na yaɗuwa, wurin ya yi zafi, mugunya na fita da wari, ko jikinta ya yi zafi, ko ta rage shan nono, ko ta yi laushi tana ta barci, ranar za ki kai ta likita ba gobe ba, kuma ki faɗa musu an yi huji kwana kaza da suka wuce, kar ki ɓoye don tsoron faɗa.

Akwai yaran da ko wata huɗun ma bai isa ba, bakwaini, da wadda aka haifa ba nauyi, da mai tamowa, da mai sikila, da mai ciwon zuciya tun haihuwa, da wadda cibiyarta ta daɗe tana jini ko ƙuraje suka cika mata fata. Waɗannan sai likitan da ke ganin su ya ce to.

Abin da ya rage shi ne yadda za a faɗa ma manya, don na san nan ne da yawa ke tsayawa. Yarinya da haihuwar fari a gidan miji ba ta iya kallon uwar miji ta ce a'a, kuma bai kamata ta yi gatsau ba. Ki fara da mijinki tun cikin na wata takwas, ki nuna mishi maganar alluran nan uku, shi ya je ya ce Inna, a likita sun ce a bari ta gama alluranta na wata uku da rabi, in ta gama ke za ki zaɓi ranar, ke za ki riƙe ta. In sasfam ta faɗa da bakinta a gaban wadda ta rako ki haihuwa ya fi sauƙi, don haka ki roƙe ta ta faɗa kafin a sallame ku. 'Yan kunnen da kaka ta saya kuma a karɓa da godiya a nuna ma 'yan barka ranar suna, a ajiye su tare da karnen rigakafin har ranar Penta ta uku ta wuce.